Kuɗɗin rajista sun hau, albasa na rudu: wa zai biya karatun ɗiyanmu?

Bello Mai Albasa:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin na cina tun jiya. Ina da ɗiya biyu jami'a, namijin aji uku shina karatun noma, macen ko bana ta samu shiga. Shekaranjiya yaron ya turo min takardar biyan kuɗɗi da anka fiddo mai a kafe, na duba na sake dubawa, abin da munka biya bara ya kusa ninkawa kuma wai sati uku anka ba su a rufe fotal. Ta yarinyar ba a magana tunda sabuwar shiga ta, ga kuɗɗin karɓa ga na gwajin asibiti ga na katin shaida ga na ɗakin karatu har da na wasanni, ita da ko tseren kaza ba ta taɓa yi ba. Ni manomin albasa na, gonata na wajen Goronyo. Kowa ya san yanzu anka cire ta kasuwa ta cika maƙil, buhun da za ka sai da yau in ka daure ka aje shi rudu, wato ma'ajiyar albasa, zuwa bayan damina sai ya ba ka ninki. Ga shi dole in kwashe in kai a saya awa ta banza. Abin da nike tambaya, kullum rediyo ana cewa karatun jami'a kyauta na, to wanga da muke biya mi sunanshi?

Ɗan Mabera:
Wa alaikumus salam Baba. Sunanshi wayau. Sun cire mai suna ɗaya sun sa mai sunaye goma sha biyu, kai dai ka biya. Mu ɗalibai mun gaji wlh, ajinmu kaɗai na san mutum huɗu da sunka jingine karatu bana

Malamin Jami'a:
Malam Bello Allah ya kawo mafita. Bari in ɗan warware domin ana haɗa abu biyu. A jami'o'in tarayya irin su Usmanu Ɗanfodiyo ba a karɓar kuɗin koyarwa, wato ba daga aljihunka ake biyan albashin lakcara ba, daga Abuja yake zuwa, wannan shi ne kyautar da ake faɗi. Abin da kake biya kuɗin hidima ne, wuta, ruwa, takardar jarabawa, kayan ɗakin gwaji, shara, tsaro. Jami'ar jiha kuwa kamar wadda aka kafa mana a 2009 zamanin Wamakko, albashinta da hidimarta duk a wuyan gwamnatin jiha suke sai ɗan abin da ta tara wurin ɗalibai. To tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 dizal da komai suka tashi, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar layin Band A, wato layin da aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, makarantu da yawa a ƙasar nan suka wayi gari da bil ɗin da ba su taɓa gani ba. Kuɗin gudanarwa da ake ba su bai tashi yadda kaya suka tashi ba. Shugaban makaranta ya duba sama ya duba ƙasa, wa ya rage? Uban yaro.

Ɗan Mabera:
Malam da girmanka amma wace wutar?? Mu da muke karatun dare da tocilar waya. In kuɗɗin wuta muke biya a ba mu wutar mana

Malamin Jami'a:
Ɗana ba ƙarya ka yi ba, ni ma ofishina fanka ado ce. Na shiga aji a watan Afrilu da ɗalibai sun fi ɗari uku, wasu a kan taga wasu a tsaye, ba lasifika, na fito muryata ta dishe riga ta jiƙe sharkaf. Ban ce ana kashe kuɗin yadda ya dace ba, wannan wata magana ce kuma ina goyon bayan a riƙa liƙa lissafi a allo kowa ya ga abin da ya shigo da inda ya tafi. Abin da na ce kawai, karatu na da tsada ko an karɓa wurinka ko ba a karɓa ba. In gwamnati ba ta biya ba, uba bai biya ba, to yaron ne zai biya da ingancin abin da ya koya, ya gama kimiyyar haɗa sinadarai bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Alhaji Na Tsohuwar Kasuwa:
Ni fa ku gafarce ni. Malam Bello kar ka karya albasarka. Shagona akwai masu digiri biyu suna ɗaure min kaya, ɗaya har da mastas. Kuɗɗin da za ka zuba shekara huɗu in ka ba yaro jari ya riƙa sarin kaya Illela wlh kafin abokanshi su gama bautar ƙasa ya yi aure ya aza gini. Macen ko ka san inda ta dosa, ɗakin miji

Hajiya Inno Arkilla:
Alhaji na san za a zo nan, kullum in kuɗɗi sunka gaza ɗiya mace aka fara sauke ma kaya. In matarka ta tashi haihuwa kai na farko da za ka ce ba ka yarda namiji ya duba ta ba, to likita macen daga sama za ta faɗo? Ni malamar firamare ce shekara ashirin da biyu, maigidana ya rasu ya bar min biyar. Babbar da ta samu karatun jinya na sai da ɗan kunnena na zinari da tunkiya biyu, na shiga adashi hannu biyu, mutane na ta cewa Inno kin haukace. Yau ita ke biya ma ƙannenta. Ban ce kowa zai dace haka ba amma don Allah a bar yanke hukunci da cewa mace ce.

Alhaji Na Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki, ni ba faɗa na zo ba. Jinya daban, wannan ko ni zan biya. Ina magana kan kwas ɗin da ko mai koyar da shi bai san inda za a ci abinci da shi ba

Baba Mai Ritaya:
Yara ku bari tsoho ya sa baki. Mu munka yi jami'a ƙarshen shekarun 1970, lokacin nan tamu ta Sakkwato jaririya ce, 1975 anka kafa ta, sai 1988 anka sa mata sunan Mujaddadi. Zamaninmu tikitin abinci aka ba mu, ka tafi kafteriya a zuba maka shinkafa da kaza ranar Lahadi, a wanke maka zanen gado, ga alawus daga jiha kana dawowa hutu har ka yi ma tsohuwarka tsaraba. A 1978 ƙarin kobo 50 anka yi kan kuɗɗin abinci na yini, ƙasar ga ta ɗauki wuta, ɗalibai sunka fito suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, anka rasa rayuka Legas da Zariya. Kobo hamsin fa. Amma in faɗa muku gaskiya wadda tsarata ba su son ji: mu ƙalilan ne. Gundumarmu duka ana iya ƙirga 'yan jami'a da yatsun hannu, har gida aka biyo mu ana roƙo mu tafi. Kuɗɗin mai na shigowa, jami'o'in ba su kai ashirin ba. Yanzu yaran da ke zama JAMB duk shekara sun haura miliyan ɗaya da rabi. Wanda duk yac ce muku za a koma zamanin kaza yaudararku shikai. Sai dai kuma mu da munka ci kazar mu ne munka riƙe ofisoshi daga baya, ba mu gina ma na bayanmu komi ba, wannan laifin ban iya kare shi.

Ɗan Mabera:
Baba yau ka burge ni, karo na farko da na ji wani babba ya amsa laifi

Maryam 'Yar Gwadabawa:
Kawu Bello sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya ambaci NELFUND har yanzu, ni da shi nike karatu. Bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, an sa hannu kan dokar a 2023 anka sake gyara ta Afrilun 2024, fotal ya buɗe watan Mayu na shekarar. Ɗalibin makarantar gwamnati na iya nema, ta tarayya ko ta jiha. Ana son lambar JAMB da NIN da BVN da lambar rajistar makaranta, ba a neman mai tsaya maka. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura ma makarantar ba ya biyowa hannunka, sannan in ka nemi na ɗawainiya ana sa maka dubu 20 duk wata a akawun. Ba ruwa a ciki. Biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Yayan nan namu da ke aji uku zai iya cikawa yau ɗin nan, ita ƙanwar sai ta samu lambar rajista makaranta ta tura sunanta

Bello Mai Albasa:
Ɗiyata na ji batun ga, yaron ma ya taɓa kawo min shi na hana. Tsoro nike. Mu an tashe mu da cewa mamaci na rataye da bashinshi. In ɗora ma yaro bashi tun bai fara neman na kanshi ba, in aikin bai samu ba fa? In ta Allah ta kasance fa?

Ustaz Kanwuri:
Malam Bello tsoronka na da asali, ba a wasa da bashi. Amma a bambanta. Abin da shari'a ta haramta shi ne riba, ka ranci goma ka biya sha biyu. Rance ba ƙari halal ne, kuma wanda ya karɓa da niyyar biya don buƙata ta gaskiya kamar neman ilimi bai yi laifi ba. Sharaɗin shi ne niyyar, domin ina jin yara na cewa ku karɓa rabonku ne na arzikin ƙasa ba mai biya, to wannan ita ce matsalar ba bashin ba. Ka sa yaron ya karanta maka sharuɗɗan da bakinshi kafin ya danna komai. Sannan ina da ƙorafi kan mu kanmu. Garin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar littattafai, a ce yaro ya bar karatu kan abin da bai kai kuɗin ragon layyan wani ba. Muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan, me zai hana masu hali su tsayar da waƙafi na karatu zalla, shaguna ko gidajen haya da kuɗinsu zai riƙa biyan rajistar marayu duk shekara, maimakon Umra ta bakwai?

Ɗan Mabera:
Ustaz Umra ta bakwai 😂 za a fidda ka zauren ga yau. Amma ni matsalata da bashin ga daban ce, tunda anka kawo shi makarantu sun samu hujja, kowa ya ƙara kuɗɗi in ka yi magana a ce je ka ci bashi. Wato an sauke nauyin daga kan gwamnati an aza ma yaro ɗan shekara sha tara, an sa mai suna taimako

Malamin Jami'a:
Nan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma kusan abin da ASUU, ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ke faɗa ke nan tun farko, cewa tallafi ya kamata a ba ɗan talaka ba rance ba. Mutane na zaginmu kan yajin aiki, kuma suna da gaskiyarsu, na 2022 daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba wata takwas cur yara na zaune gida, na 2020 ma ya kai wata tara. Amma ku zagaya kowace jami'ar gwamnati ku karanta abin da ke rubuce jikin sababbin gine-gine, TETFund za ku gani, asusun tallafa wa makarantun gaba da sakandare na gwamnati. Asusun nan daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 ya samo asali, haraji ne kan ribar kamfanoni, ya fara da kashi 2 ya kai kashi 3 a 2023. Ba don shi ba da jami'o'in jihohi da yawa ko ajin kirki ba su da shi. Sai dai TETFund gini yake yi da tura malamai ƙaro karatu da bincike da littattafai, ba ya biyan albashi ba ya sayen dizal. Shi ya sa za ka ga katafaren gini sabo fil an kulle ba wuta ba ruwa a bayi. Gwamnoni sun gane wannan, sai a kafa jami'a a yanka kintinkiri a bar wa TETFund gini a bar wa iyaye hidima.

Abu Sabon Birni:
Ku kuna ta lissafin rajista. Mu na gabas wanda bai noma gonarshi ba shekara uku saboda ɓarayin daji da mi zai biya ko da dubu goma ce? Rabin danginmu na nan cikin gari suna raɓe gidajen mutane. Ƙanena ya ci jarabawa sau biyu, ko kuɗɗin motar zuwa tantancewa sai da anka yi karo-karo. In za a yi rangwame a fara da yaran Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo

Hajiya Inno Arkilla:
Allah ya kawo muna ƙarshen wagga masifa Abu. Kuma ka taɓo abin da nike son faɗi, rajista sau ɗaya ake biyanta a shekara, abin da ke kashe uwaye shi ne na kullum. Yaron da bai samu hostal ba ya kama ɗaki, ko ya riƙa tahowa daga gari zuwa Dundaye inda jami'ar Ɗanfodiyo take kullum, ka lissafa kuɗɗin bas da na kabu-kabu ko agwagwa, wato keke napep, zuwa inda zai hau bas ɗin, ga handawut ga data ga kuɗɗin firojet in an kai aji huɗu. Ni duk ranar Juma'a sai na ɗaura garin kwaki da ƙuli da ɗan yaji da manja cikin leda na ba direba ya kai ma tawa. Wata rana ta kira ni tana dariya wai Inna yau sau ɗaya munka ci amma mun sa mai suna azumin nafila. Na yi dariya na kashe waya na zauna na yi kuka. Albashi mafi ƙanƙanta dubu 70 aka ce tun 2024, ka cire buhun shinkafa ka gaya min saura

Nura Gawon Nama:
Ai laifin gwamnoni ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kashi 26 na kasafi a ba ilimi ba mai yi. Dubi Kano, Abba na hawa a 2023 ya rage rabin kuɗin makarantun gaba da sakandare na jiha, Uba Sani ma ya rage na Kaduna bayan ƙarin da El-Rufai ya yi a 2021. In an so ana iyawa

Malamin Jami'a:
Nura ragin Kano da Kaduna gaskiya ne an yi. Kashi 26 ɗin nan kuwa yawo kawai yake a bakin mutane, abin da ƙasashe suka amince da shi a taron UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015 kashi 15 zuwa 20 ne na abin da gwamnati ke kashewa. Kuma ni na daina ruɗuwa da kason da aka rubuta a kasafi, nan jihar an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi tun zamanin Tambuwal, takarda ba ta taɓa yin ƙaranci ba. Tambayar ita ce nawa aka saki, yaushe aka saki. Ragin ma in gwamna ya rage bai cike wa makarantar gibin ba, ya yi suna ne da aljihun wani, bayan shekara biyu za ka ga kuɗin sun dawo ta taga da sabon suna. Tun cire tallafin mai kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai, wannan ba ɓoyayye ba ne. Ga jami'ar jiha, ga ta ilimi ta Shehu Shagari, ga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, duk baki ne da ke jiran abinci daga tukunya ɗaya. Ni da za a ji tawa, a tsaya da buɗe sababbi a ciyar da waɗanda ke akwai, a kuma mayar da sikolashif abin da ke fita kan lokaci kafin a rufe fotal, ba bayan yaro ya riga ya rasa zango ba.

Baba Mai Ritaya:
Kan lokaci, nan maganar take. Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista sunanshi kuɗɗin cefane.

Alhaji Na Tsohuwar Kasuwa:
To ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa min batun masu digirin shagona ba. Amma Malam Bello ji nan, kar ka kai albasar ga kasuwa yanzu, asara ce tsagwaronta. Buhu nawa ke gare ka? In ka yarda in ba ka kuɗɗin rajistar yarinyar rance, in ka sai da bayan damina ka maido min abina ba ƙari ko sisi. Ustaz shaida. Hajiya kin ga dai macen na zaɓa kar a sake cewa ni ne maƙiyin karatun mata

Hajiya Inno Arkilla:
Alhaji ka wanke kanka 😂 Allah ya ƙara buɗi

Ɗan Mabera:
Madalla da Alhaji, amma Baba Bello ɗaya ne ya dace da shiga zauren da Alhaji ke ciki. Sauran dubban fa? Ni abin da nike so ƙungiyar ɗalibai ta nema ba wani abu mai wuya ba ne, a bari a biya kashi biyu, rabi zangon farko rabi na biyu, kuma a daina rufe fotal ana cin tarar latti. Manomi da ɗan fansho ba ranar ɗaya suke samun kuɗɗi ba

Malamin Jami'a:
Wannan mai yiwuwa ne, majalisar gudanarwar makaranta na iya yanke shi ba sai an je Abuja ba, akwai makarantun da ke yi. Ku rubuto a takarda da sa hannu, kar ku tsaya zagi a Facebook.

Maryam 'Yar Gwadabawa:
Kawu ƙarin bayani ɗaya, in yayan zai nemi bashin ya nema tun yanzu kafin ku biya da kanku. Wata ƙawata babanta ya riga ya biya sannan kuɗin suka iso makarantarsu, ta yi wata da watanni tana zarya ofis ofis kafin a maido mata. Kuma sunan da ke NIN ya zama daidai da na BVN da na JAMB harafi da harafi, in wani Muhammad ne wani Muhammadu zai tsaya

Bello Mai Albasa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Alhaji na karɓa, zan kira ka bayan Isha'i, buhu arba'in da ɗaya ne amma shida sun fara nuna ruɓa waɗanga dole su tafi kasuwa gobe. Batun bashin gwamnati zan zauna da yaron ranar Asabar ya karanta min sharuɗɗan da Hausa, in shi ya ce ya ɗauka to shi zai biya ba ni ba, ban tilasta mai ban hana shi. Maryam, sunanshi na NIN Abubakar na JAMB Abubakar amma na banki Bubakar anka rubuta, ina aka gyara wanga, banki ko wurin masu NIN?

Maryam 'Yar Gwadabawa:
Banki Kawu. Ya tafi da takardar NIN ɗin da sassafe kafin layi ya yi tsawo, wani lokaci suna neman takardar rantsuwa ta kotu, gara ya yi ta tun kafin ya je